Boko Haram: Manufarta, Dabarun Yaƙinta da Sawunta a Gabashin Kano

Boko Haram suna ne da jama'a suka laƙaba wa wata ƙungiyar masu tayar da ƙayar baya da ta tsiro a Maiduguri a farkon shekarun 2000, ta ɗauki makami gadan-gadan a 2009, kuma har yau ba ta ajiye ba. Sunan da ta raɗa wa kanta shi ne Jama'atu Ahlis Sunna Lidda'awati wal Jihad. Cibiyar yaƙinta Borno ce da Yobe da arewacin Adamawa, sai yankin Tafkin Chadi, inda wutar ta tsallaka Nijar da Chadi da Kamaru. Bayan waɗannan jihohi uku, Kano na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu, musamman tsakanin 2012 da 2015. Ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da maƙwabciyarsu Wudil, su ne ƙofar Kano ta gabas, kuma ta yankinsu babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa. Gwamnatin Najeriya ta haramta ƙungiyar a Yunin 2013, Amurka ta sa ta cikin jerin ƙungiyoyin ta'adda a Nuwambar shekarar, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi sahu a Mayun 2014.

Suna

Kafin sunan Boko Haram ya bazu, mutanen Maiduguri 'yan Yusufiyya suke kiran mabiyan, saboda shugabansu Muhammad Yusuf. Wasu kuma su ce 'yan Taliban. Sunan da ya zauna ya fito ne daga maganar da aka fi ji a wa'azinsu, wato haramta karatun boko. Ƙungiyar ba ta taɓa son sunan ba, shugabanninta sun sha cewa ba nasu ba ne.

An daɗe ana yaɗa cewa kalmar boko ta samo asali daga kalmar Turanci mai nufin littafi. Masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar tsohuwar Bahaushiya ce, mai nufin abin da ba na gaske ba, abin yaudara. Amaryar boko shaida ce: wadda ake ɗorawa a doki a madadin amaryar gaske. Da Turawa suka kawo makarantarsu da rubutunsu, kakanninmu suka kira shi boko, domin a wurinsu karatu na gaske shi ne na allo da na littattafai. Wannan tsohon zargi, wanda ya riga Muhammad Yusuf zuwa duniya da shekaru masu yawa, shi ya tarar a kwance ya hura masa wuta.

Asali

An haifi Muhammad Yusuf a 1970 a ƙauyen Girgir, cikin Jakusko ta Jihar Yobe. Ya yi fice a Maiduguri cikin matasan Ahlus Sunna da ke kewaye da masallacin Indimi, inda Shaikh Ja'afar Mahmud Adam na Kano yake tafsirin azumi. Daga baya suka raba gari a kan hukuncin karatun boko da aikin gwamnati. Yusuf ya buɗe tasa cibiyar, Markazu Ibn Taimiyya, a unguwar Reluwe. A ƙarshen 2003 wani ɓangare mai zafin kai ya yi ƙaura zuwa Kanamma, kusa da iyakar Nijar, ya kai wa 'yan sanda hari, sojoji suka tarwatsa shi. Waɗanda suka tsira da yawa sun dawo inuwar Yusuf.

Ranar 11 ga Yuni 2009 jami'an rundunar sintiri ta Borno suka buɗe wa mabiyansa wuta a hanyarsu ta zuwa jana'iza, bayan gardama kan hular kwano, mutum 17 suka ji rauni. Ranar 26 ga Yuli rikici ya ɓarke a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a Bauchi, kafin kwana ɗaya ya kai Maiduguri da Potiskum da Wudil. Cikin kwana biyar an kashe mutum sama da 700, akasarinsu a Maiduguri. Sojoji sun kama Yusuf da ransa ranar 30 ga Yuli, suka miƙa shi ga 'yan sanda, a hannunsu ya mutu ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Haka aka yi wa surukinsa Baba Fugu da tsohon kwamishina Buji Foi. Hotunan waɗannan kashe-kashe sun yi ta yawo a wayoyin hannu, kuma babu wani mai wa'azi da ya tara wa ƙungiyar mabiya kamar yadda su suka tara mata. Mataimakinsa Abubakar Shekau, da aka ɗauka ya mutu, ya bayyana a 2010 yana jagoranci.

Manufa

Abin da ƙungiyar take nema a bayyane yake a bakinta: a rushe tsarin mulkin Najeriya, a kafa daular da za ta yi hukunci da Shari'a bisa fahimtarta ita kaɗai. Shari'ar da jihohin Arewa 12 suka ƙaddamar tun daga Zamfara a 1999, Kano a 2000, ba ta gamsar da ita ba, domin tana ƙarƙashin kundin tsarin mulki ne, gwamnan da aka zaɓa da ƙuri'a ne ke riƙe da ita.

Ginshiƙin aƙidar kalma ɗaya ce, ɗagutu. A wurin Yusuf, duk hukumar da ke mulki da dokar da mutum ya tsara ɗagutu ce, yi mata biyayya shirka ne. Daga nan sauran hukunce-hukuncen suka zubo ɗaya bayan ɗaya. Dimokuraɗiyya kafirci ce. Aikin ɗan sanda da soja haramun ne, haka sauran ayyukan da ke ɗaure wa gwamnati gindi. Makarantar boko kuwa laifinta biyu ne a wurinsa: ita ke yaye wa ɗagutu ma'aikata, sannan tana koyar da abin da ya ce ya saɓa wa nassi, tana kuma cuɗa maza da mata. A hirar da ya yi da BBC ya kawo misali da batun cewa duniya ƙwallo ce, da yadda kimiyya ke bayanin samuwar ruwan sama. Ya tattara hujjojinsa a wani littafi na Larabci mai suna Hazihi Aƙidatuna wa Manhaju Da'awatina. Akwai ɗalibai da suka yayyaga takardun shaidar karatunsu a kan wannan kira.

Malamai ba su bar shi ya ci karensa babu babbaka ba. Shaikh Ja'afar ya yi masa raddi a karatuttukansa, yana nuna cewa idan Musulmi suka bar makaranta da asibiti da kotu, sun miƙa wuyansu ne ga wasu. Isa Ali Pantami ya zauna muƙabala da shi a Bauchi a 2006. Shaikh Muhammad Auwal Albani na Zariya ya yi ta warware masa hujjoji a fili. Sunan da malaman suka ba su shi ne Khawarij, wato waɗanda tun ƙarnin farko na Musulunci suke kafirta Musulmi da zunubi, su halatta jininsa. An harbe Shaikh Ja'afar yana limancin sallar Asuba a masallacin Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu 2007, kuma daga baya wasu daga cikin 'yan ƙungiyar da kansu sun jingina kisan ga masu wannan ra'ayi. An kashe Albani da matarsa da ɗansa a Zariya ranar 1 ga Fabrairu 2014, Shekau ya fito ya ce su ne.

Bayan 2009 manufa ta biyu ta shigo, wato ramuwar gayya: a hukunta waɗanda suka kashe Yusuf, a saki 'yan'uwansu da ke tsare, har da mata da yara. Masu neman sulhu sun sha ɗaukar wannan a matsayin ƙofar da za a shiga, kuma wani lokaci an yi musayar fursunoni. Amma Shekau ya faɗaɗa kafirtawa har ta haɗiye kowa. A fahimtarsa, duk Musulmin da ya ci gaba da zama a ƙarƙashin gwamnati, bai yi hijira zuwa wurinsu ba, ya bar addini, kuma rashin sani ba uzuri ba ne. Wannan shi ne mabuɗin fahimtar abin da ya biyo baya. Mutane da yawa sun yi ta tambaya, me ya kai masu da'awar addini su ta da bam a sahun Juma'a? Amsar tana cikin wannan hukuncin. Wanda ya riga ya cire liman da mamu daga Musulunci a zuciyarsa, masallaci da barikin soja duk ɗaya ne a idonsa. Saboda haka ƙungiyar da ta ce da gwamnati take faɗa, ta kai wa Kiristoci hari a majami'unsu, kamar na Madalla ranar Kirsimetin 2011, ta ƙare da kashe talakawan Musulmi fiye da kowa.

Dabaru

Dabarun ƙungiyar sun riƙa canzawa gwargwadon ƙarfinta da irin matsin da take ciki.

Kafin yaƙi, makaminta wa'azi ne da kyautatawa. Kaset da faifan bidiyo sun kai muryar Yusuf inda ƙafarsa ba ta je ba. Markaz na ciyar da mutane, yana ba matasa jari ko babur na haya, yana sauƙaƙa musu aure. Wani bincike da ƙungiyar agaji ta Mercy Corps ta fitar a 2016 ya nuna cewa ko bayan an fara yaƙi, bashin jari ya ci gaba da zama tarko: a ba ƙaramin ɗan kasuwa kuɗi, in ya kasa biya a nemi ya biya da kansa ko da labarin abin da jami'an tsaro ke ciki.

Daga 2010 aka shiga kisan ɗauki ɗai-ɗai. Mutum biyu a kan babur, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da bindiga, su harbi ɗan sanda ko mai unguwa ko malamin da ya soke su, su ɓace cikin lungu. Zaɓen masu unguwanni da dagatai ba kuskure ba ne. Su ne suka san baƙo da ɗan gari, su ne suka nuna gidajen mabiya a 2009. Da aka kashe kaɗan, sauran suka kama bakinsu, gwamnati ta makance. A gefe guda kuma ana fasa gidajen yari, kamar na Bauchi ranar 7 ga Satumba 2010 inda fursunoni sama da 700 suka fita, ana fasa bankuna don kuɗi, ana kwashe makamai a ofisoshin 'yan sanda. A Satumbar 2012 sun bi turakun sadarwar waya suna ƙonawa a jihohi da dama, har da Kano, bisa zargin cewa ta nan ake gano maɓoyarsu.

Ƙunar baƙin wake ta shigo ranar 16 ga Yuni 2011 a hedikwatar 'yan sanda ta Abuja, abin da Najeriya ba ta saba gani ba. Ranar 26 ga Agusta aka maimaita a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya, mutum sama da 20 suka mutu. A Yunin 2014 aka fara ganin mace ɗauke da bam a Gombe, kuma cikin ɗan lokaci ƙungiyar ta zarce kowace irinta a duniya wajen amfani da mata da 'yan mata. Wata cibiyar nazari ta makarantar sojan Amurka da ke West Point ta ƙirga masu ƙunar baƙin wake 434 tsakanin 2011 da tsakiyar 2017, aƙalla 244 mata ne. Dalilin zaɓensu ba ɓoyayye ba ne: ba a cika zargin mace ba, namiji ba ya laluben ta a ƙofar kasuwa, kuma mayaƙa maza sun fi tsada a wurin shugabanni. Da yawa daga cikinsu sato su aka yi, wasu yara ne ƙanana da ba su san abin da aka ɗaura musu ba. Kiran su 'yan ƙunar baƙin wake zalunci ne na biyu a kansu.

A Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, matasan Maiduguri kuma suka tashi da sanduna, waɗanda ake kira 'yan ƙato da gora, suka tsefe unguwanni. Ƙungiyar ta koma daji, Sambisa da duwatsun Gwoza, ta huce a kan ƙauyuka da makarantu. Mamudo a Yulin 2013, kwalejin aikin gona ta Gujba a Satumba, Buni Yadi a Fabrairun 2014 inda aka kashe ɗalibai maza 59, sai Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014 inda aka kwashe 'yan mata 276. Satar mutane ta zama hanyar samun mata da 'yan aiki da mayaƙa da kuɗin fansa a lokaci guda. A Agustan 2014 Shekau ya yi shelar kafa daula a Gwoza, ya riƙe Bama da wasu garuruwa na ɗan lokaci, har sojojin Najeriya da Chadi da Nijar da Kamaru suka ƙwato su a farkon 2015.

Dole a ambaci abin da ya taimaka mata daga ɗaya ɓangaren. Kame-kamen kan mai uwa da wabi, da ƙona gidaje a Baga a Afrilun 2013, da mutuwar tsararru a barikin Giwa, sun tura matasa da dama daji. Ƙungiyar Amnesty ta ce a rahotonta na 2015 mutum sama da 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji tun daga 2011.

Kano

A Kano ƙungiyar ba ta taɓa riƙe ko da unguwa ɗaya ba. Yaƙin ɓoye ta yi, na ƙananan rukunai da ke karɓar haya a sababbin unguwannin gefen gari, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba. Wannan ya bambanta ta da Maitatsine, wanda ya tare a 'Yan Awaki a fili har aka yi arangamar Disambar 1980, da alƙaluman gwamnati suka ce ta ci mutum 4,177.

Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, da la'asar sakaliya, bama-bamai suka tashi kusan lokaci ɗaya a ofishin shiyya ta ɗaya na 'yan sanda, da hedikwatarsu ta Bompai, da ofishin jami'an tsaron farin kaya, da na fasfo, da wasu caji-ofis. Bayan bam sai harbi a tituna, wasu maharan sanye da kayan 'yan sanda. Aƙalla mutum 185 suka mutu, mafi yawansu masu wucewa ne, cikinsu har da ɗan jarida Enenche Akogwu na gidan talabijin na Channels. Ƙungiyar ta ce ramuwa ce kan mutanenta da aka kama a Kano. Yawan Musulmin da suka mutu ran nan ya sa wani ɓangare ya ɓalle da sunan Ansaru, wanda ya fi karkata ga sace Turawa.

Abin da aka zaɓa a kai wa hari bayan nan tamkar karanta aƙidar ne layi-layi. Boko: masu ibada Kiristoci a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, makarantar koyon tsafta a Yunin 2014, kwalejin kimiyya da fasaha a Yuli lokacin da ɗalibai ke duba sunayensu na bautar ƙasa, Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Satumba. Sarauta: ayarin Sarki Ado Bayero ranar 19 ga Janairu 2013, inda direbansa da dogarai suka rasa rayukansu, shi ya tsira. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni, dubban matasa suka rasa sana'a dare ɗaya. Baƙi da Kiristoci: tashar New Road a Sabon Gari ranar 18 ga Maris 2013. A Fabrairun shekarar an harbe mata tara masu allurar shan-inna, ƙungiyar ba ta ɗauki alhaki ba amma ita aka zarga. Kasuwa: Kantin Kwari a Disambar 2014, inda wata yarinya 'yar kimanin shekara 13 ta ƙi tayar da nata bam ɗin, ta ce mahaifinta ne ya kai ta wurinsu, sai kasuwar waya ta Farm Centre a Nuwambar 2015. Masu tattakin Arba'in na Shi'a ma an far musu a Dakasoye a ƙarshen watan.

Mafi muni bayan na Janairun 2012 shi ne na Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki, ranar 28 ga Nuwamba 2014. An tayar da bam ana kabbara salla, aka bi masu gudu da harbi, mutum sama da 100 suka rasu. Makonni biyu kafin nan Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu. A ranar, mutanen da ba su da komai a hannu sai duwatsu da takalma sun tunkari 'yan bindigar, suka kashe wasu daga cikinsu.

Gabashin Kano da hanyar gabas

Gaya tsohon gari ne. Tarihin baka ya ce daga can maƙeran Abagayawa suka zo Dala neman tama, tun kafin a san sarautar Kano. Yau masarauta ce mai daraja ta biyu, da ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu, ƙasar gero da dawa da gyaɗa da kiwo, a bakin iyakar Jigawa. Alaƙarta da rikicin ta biyo hanya ne. Titin da ya fito daga Kano ya haye gadar Wudil, ya bi ta Gaya zuwa Shuwarin kusa da Dutse, ya miƙe Azare, Potiskum, Damaturu, har Maiduguri, tafiyar sama da kilomita 500.

Tun kafin a zuba masa kwalta, hanyar neman ilimi ce. Tafiya gabas, a bakin Bahaushe, tana nufin zuwa Borno haddar Alƙur'ani, kuma gidaje da yawa a ƙasar Kano suna alfahari da alaramman da ya yi gabas ya dawo. Hanyar abinci ce kuma: bandar kifi daga Baga, shanu daga Potiskum zuwa karar Wudil, 'yan ci-rani da ke tafiya bayan girbi su dawo da faɗuwar ruwa. Wa'azin Yusuf ya bi wannan hanyar kamar yadda kaya suke bi, shi ya sa ƙungiyar ta sami mabiya a Wudil. Ranar 27 ga Yuli 2009, kwana ɗaya bayan Bauchi, suka far wa ofishin 'yan sandan garin, aka kashe wasu daga cikinsu, aka kama da dama. Daga Gaya zuwa wurin ba ta kai tafiyar rabin awa a mota ba. Nan ne boren 2009 ya taɓa Jihar Kano.

A shekarun da suka biyo, garuruwan Jigawa da ke maƙwabtaka sun ga irin harin da ƙungiyar ta saba kai wa ƙananan garuruwa, wato a shigo da dare a far wa caji-ofis da banki tare: Ringim a Afrilun 2013, Gwaram a Afrilun 2014, duka ana zargin ita ce. Ranar 24 ga Fabrairu 2015 mutum biyu suka tayar da bam a tashar Kano Line, 'yan sanda suka ce daga motar da ta taso daga Wudil suka sauko.

Can gaba kuwa hanyar kanta ta zama fagen yaƙi. Dabarar ita ce a sa kakin soja, a kafa shinge, a tsayar da motoci, a tambayi katin shaida. A Benisheik, ranar 17 ga Satumba 2013, an kashe matafiya sama da 140 ta haka. A Auno, a Fabrairun 2020, an ƙona motocin da suka kwana a bakin shingen shiga Maiduguri, kimanin mutum 30 suka mutu. Direban da ya yi lodi a Kano ko Wudil ya san cewa daga Damaturu zuwa gaba sai addu'a. A ɓangaren Kano kuma shingayen gaske ne suka yawaita: fasinja ya sauka ya ɗaga hannu, mai babur ya kashe inji ya tura, tafiyar awa ɗaya ta koma uku. Masu unguwanni suka sami umarnin sanin duk baƙon da ya kama haya. Almajirin da ya dawo daga gabas, wanda da ake tarbarsa da girmamawa, ya zama abin zargi, alhali tsangayun Borno da malamansu suna cikin waɗanda ƙungiyar ta tarwatsa. A hira ma ba a cika kama sunanta ba, sai a ce mutanen nan.

Rabuwar kai

A Maris 2015 Shekau ya yi mubaya'a ga Abubakar al-Baghdadi na ƙungiyar IS. A Agustan 2016 IS ta tuɓe shi ta naɗa Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf, wanda tare da wani jigon ƙungiyar, Mamman Nur, suka zargi Shekau da wuce gona da iri wajen kafirtawa da kashe Musulmi. Daga nan aka sami gida biyu. Ɓangaren al-Barnawi, da aka fi sani da ISWAP, ya kafu a tsibiran Tafkin Chadi, ya mai da hankali kan sansanonin soja, kamar Metele a Nuwambar 2018. Yana karɓar haraji daga masunta da makiyaya da manoma, yana yanke shari'a, yana neman talaka ya zauna ya biya maimakon ya gudu. Sassaucin na lissafi ne: ɓangaren ne ya sace 'yan matan Dapchi 110 a Fabrairun 2018, ya saki mafi yawansu ya riƙe Leah Sharibu, ya kashe ma'aikatan agaji da Kiristoci a gaban kyamara, ya kuma fasa gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yuli 2022. Ɓangaren Shekau ya ci gaba da yadda ya saba, kamar yankan manoman shinkafa a Zabarmari a Nuwambar 2020.

Shekau ya mutu a Sambisa a Mayun 2021, lokacin da mayaƙan ISWAP suka ritsa shi. Dubban mabiyansa da iyalansu suka miƙa wuya ga gwamnatin Borno, ragowar suka taru ƙarƙashin Bakura Doro, suna gwabzawa da ISWAP a bakin tafki. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a Borno da Yobe da Adamawa. Kimanin 35,000 ne kawai makami ya kashe kai tsaye. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.